Yammacin da Baba Haɗi Ya Katse Jinjinarsa

Kullum da hantsi za ka gan shi ya shigo ƙofar gidan talabijin na garinmu yana tura kekensa da hannu, don a ganinsa hawa keke a harabar ma'aikata rashin ta-ido ne. Ya jingina shi a gindin tankin ruwa, ya tsaya ya tambayi maigadi ya ƙafar nan tasa, sannan ya miƙe dogon barandan da ke warin tsohon kafet. Ya wuce ɗakin labarai inda ake ta hayaniya, ya wuce situdiyo mai manyan fitilu, har can ƙurya inda wata 'yar ƙofa take. Yana shiga zai rataye hularsa a ƙusa ya zura rigar sanyi, saboda na'urorin ɗakin sun fi mutum gata, su ake hura wa iska. Ya goge gilashin agogon bango da bakin hannun riga, ya ja kujera ya zauna. Daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsa sai yamma.

Baba Haɗi ke nan. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, hatta surukansa haka suke kiransa. Kwanan nan ya yi ritaya, ni kuma na ɗauki alƙalami don in jinjina masa, sai dai tun da na fara tattara labarin kaina yake a ɗaure. Ku biyo ni a hankali, wataƙila ku ku warware.

Tashar garinmu ƙarama ce, kuma ba ta cin gashin kanta. Tana jingine ne da wata babbar tasha da ke can babban birni, wadda ma'aikata suke kira Uwa. Uwa ce mai manyan labarai, da wasannin kwaikwayo masu tsada, da ƙwallo. Tamu kuwa abin da ta iya shi ne labaran cikin gari, da cigiya, da hira da 'yan kasuwa da direbobi, da tallan masu sayar da katifa. A yini akwai lokutan da aka bar wa 'ya ta yi nata, akwai lokutan da dole ta kame bakinta ta ɗauko na Uwa ta watsa wa mutanenta. Wannan sauyi shi ake kira haɗi. Ba a yin sa da wuri, ba a makara, kuma mafi tsanani shi ne na yamma, lokacin da Uwa ke buɗe manyan labarai. A gaban Baba akwai allo biyu, na hagu yana nuna abin da tashar gari ke fitarwa, na dama abin da Uwa ke aikowa. Agogo yana sama, maɓalli yana ƙasa, fentinsa ya goge saboda dannawa. Aikin ke nan gaba ɗaya. In ka ji wani yana cewa ai kowa ma zai iya, ka tambaye shi ko ya taɓa katse babban mutum a tsakiyar magana.

Abin dariyar, mutumin da ya fi kowa kallon talabijin a garin nan bai san abin da ake yi a cikinta ba. Matan unguwa sukan tare shi a hanya su ce, don Allah Baba, yarinyar nan ta wasan kwaikwayo za ta gane mahaifinta kuwa? Sai ya yi tsuru-tsuru, ya ce shi dai ya san wasan yana ƙarewa da wani kiɗa mai sanyi, allo ya yi baƙi, sannan tambari ya fito. Kai da wutsiya kawai ya sani na kowane shiri. Tsakiyar kuwa, idonsa yana kan agogo.

Tare suka tashi da tashar. Lokacin da aka buɗe ta a wani tsohon sito na kayan gini, da kyamara ɗaya tal wadda ake yi wa fifita da kwali in ta ɗau zafi, shi yana sabon ango, gashinsa baƙi wuluk. A zamanin ba a san haɗi kai tsaye ba. Shirye-shiryen Uwa a kaset suke zuwa, a hannun direban motar haya, Baba ya je tashar mota ya ɗauko a bayan keke. Labaran jiya ake nunawa yau, wani lokaci ma na shekaranjiya in mota ta lalace a hanya, mutanen gari kuma su zauna su kalla bil haƙƙi. Daga baya aka kafa doguwar eriya, sannan aka girke wani ƙaton faranti a bayan gini yana kallon sama, hoton Uwa ya riƙa saukowa nan take.

Sai aka yi wata baƙar shekara. Manajan wancan lokaci mutum ne mai kunyar manya. In wani mai hali ko mai muƙami yana jawabi, sai ya hana a katse shi, labaran Uwa su yi nisa kafin a haɗa. Uwa ta yi gargaɗi, ta sake yi, rannan ta janye hotonta. Allon dama ya koma shuɗi. Tasha ta shiga maimaita tsofaffin kaset har yara suka haddace su, masu talla suka gudu, aka sallami ma'aikata da yawa. Baba yana tsaye a baranda ya ga abokansa suna fita da tarkacensu a kwali, har da wanda ya koya masa aiki, wanda bai ƙara samun wani aikin ba har ya bar duniya. Da ƙyar da roƙo Uwa ta dawo. Ranar da hoto ya sake bayyana a allon dama aka zaunar da Baba a kujerar nan, aka ce masa ko wane ne yake magana, in lokaci ya yi ka yanke. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ya riƙe har furfura ta cika masa kai.

Baba, kai ne ka yanke ɗan kwangilar da ya zo da zugar 'yan rakiya, ya tsaya a baranda yana rantsuwar sai ya ga bayanka. Kai ne ka yanke mawaƙi a tsakiyar amshi, ya daɗe ba ya amsa gaisuwarka. Kai ne, ranar da aka yi ruwa da iska wayar faranti ta kwance, ka durƙusa a bayan na'ura ka riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben maɓalli, masu gyara suka same ka a haka bayanka ya ƙage. Amma kada a ɗauka ba ka da tausayi. Dogo mai kyamara ya ba ni labarin wata mata da ta zo cigiyar mahaifinta, tsoho mai ruɗewa da ya fita bai dawo ba, aka sa ta a ƙarshen shiri. Ka dubi agogo ka ga za ta faɗa a bakin haɗi. Ka bar kujerarka, abin da ba ka taɓa yi ba, ka je situdiyo da sassarfa ka roƙa a dawo da ita gaba, mai katifa ya jira gobe. Ta faɗi kamanninsa tsaf, ta nuna hotonsa, kafin magariba wani mai faci ya kawo shi. Sarkin haɗi, mai yanka ba da ƙeta ba.

To amma a gida akwai wata magana da ta daɗe tana cin Inna, maiɗakinsa. Tun tana amarya ta gaya wa maƙwabta mijinta a gidan talabijin yake aiki, tun daga ranar kuma suke jiran su gan shi. An ga mai karanta labarai, an ga mai hasashen yanayi, an ga ma maigadi rannan da aka nuna sabon fentin ƙofa. Baba kuwa ko inuwarsa. Matan layi suka mayar da abin tsokana. In an haɗu a famfo sai wata ta ce, Inna, jiya ma mun duba har bayan akwatin ba mu ga Malam ba, ko shara yake yi musu? Inna ta yi dariya ta rama, don ita ma ba baya ba ce wajen baki, amma in ta shiga ɗaki abin yana sukarta. Ba ta taɓa roƙonsa ba. Shi ma bai taɓa tunanin akwai abin roƙo ba, don a wajensa duk ma'aikacin ɗakin haɗi da aka gani a allo, to kuskure aka yi.

Ana nan idanun Inna suka fara dushewa. Da farko zare ne ya gagare ta sawa a allura, sannan fuskar mai sallama, har ta kai sai ta ja 'yar kujera ta kusa manna hancinta da talabijin kafin ta bambance mutum da labule. Likita ya duba ya ce sai an yi aiki, kuma bai ɓoye musu ba, ana iya dacewa, ana kuma iya rasa ɗan abin da ya rage. Aka sa rana. Sai ranar ta faɗo washegarin ranar da Baba zai yi aikinsa na ƙarshe.

Manajan yanzu mutumin kirki ne, a hannun Baba ya fara koyon aiki, yana ganin girmansa ƙwarai. Da ya ji labarin idon Inna daga bakin Auta, 'yarsu ta ƙarshe, sai ya shirya abin da yake gani zai wanke wa tsohuwa zuciya. A ƙarshen shirin gari na yamma za a yi wa Baba jawaban bankwana, daga nan Dogo ya saɓa kyamara ya bi baranda kai tsaye, a buɗe ƙofar ɗakin haɗi, gari duka ya ga fuskarsa. Sharaɗi ɗaya ne, kada Baba ya sani. Auta ta yi alkawari, ta je ta gaya wa Inna don ta shirya. Inna ta yi alkawari, ta gayyaci layi gaba ɗaya. Ranar da safe tana miƙa masa shayi ta kasa daurewa.

"Malam, yau ka sa farar rigar nan."

"Ta me? Rigar sanyi zan ɗora a kai."

"Yau kada ka ɗora. Za a nuna ka." Ta laluba ta kama hannunsa. "Amma ka rufa mini asiri, kada ka nuna ka sani. So nake in gan ka a ciki sau ɗaya kafin gobe."

Ya ce to, ya sa rigar, ya fita. Tun a hanya maganar ta ƙi zama a kansa. Ƙarshen shirin yamma ai nan ne bakin haɗi, shi kuma bai taɓa ganin jawabin bankwana da ya ƙare a kan lokaci ba. In an makara, wa zai yanke? Shi. Wa za a yanke? Shi ɗin dai. Wadda za ta gaje shi ta gama koyo, amma sai gobe za ta karɓi kujera. Tambaya ɗaya ce za ta warware komai, sai dai tambayar ita ce za ta tona cewa Inna ta yi magana.

Ya tarar da tasha ta zama wata iri. Kowa ya gan shi sai ya gaishe shi da ƙarfi ya kau da kai. Ya iske Dogo a baranda yana jan doguwar waya zuwa ƙofar ɗakinsa, ya tambaye shi lafiya, Dogo ya ce auna baranda yake yi za a sake kafet. Baba ya ce da wayar kyamara? Dogo ya ce ita ce ta fi tsawo. Baba ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, Dogo ma ya gyaɗa kai, suka rabu kowa yana gumi. Da rana ta karkata ya kasa haƙuri, ya je ofishin Manaja ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu.

"Yallaɓai, na ce haɗin yamma na yau, kamar kullum ne?"

Manaja ya ɗauka asiri ne zai tonu. Ya haɗe rai, bai ko ɗago ba. "Kamar kullum, Baba. Me zai canza?"

"Ko da wani yana magana?"

"Ko ni ne."

Jama'a, ku tsaya ku ji abin da Baba bai sani ba. Manaja ya riga ya kira Uwa tun kwanaki, ya yi roƙo, ya yi magiya, har aka yi masa abin da ba a taɓa yi ba, aka ce yau tasharku ta makara da 'yan mintoci, mun yafe. Mai karanta labarai ta sani. Dogo ya sani. Maigadi ma ya sani. Mutum ɗaya tak a ginin nan da izinin ya shafa, mai yatsa a kan maɓalli, shi aka ɓoye wa, wai in an gaya masa zai tambayi dalili, in ya ji dalili shirin ya lalace. Manaja ya ƙudurta a ransa zai shiga da kansa ya riƙe masa hannu kafin lokaci ya yi. Wallahi in na tuna wannan dabara ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Mutanen da sana'arsu ita ce sanar da gari, sun kasa sanar da ɗakin da ke ƙarshen barandansu.

Yamma ta yi. Baba yana zaune da farar riga, babu rigar sanyi, haƙoransa suna neman haɗuwa. A allon hagu ya ga an gama cigiya, an kawar da tebur, ma'aikata sun jeru. Karon farko a rayuwarsa ya ƙara sauti ya saurari tsakiyar shiri. Shugabar sashen labarai ta yi magana, ta ce uba ne. Injiniya ya yi magana, ya kawo labarin ruwa da iska. Sai Manaja ya karɓi makirfo, ya ce ba zai tsawaita ba, ya fara daga tsohon sito. Mutumin da ya shirya zai zo ya riƙe hannun Baba, ga shi can ya yi nisa a zamanin kaset, idonsa ya kawo ruwa, ya manta akwai agogo a duniya.

Baba ya dubi agogo. Ya ɗauki wayar da ke haɗa ɗakinsa da situdiyo, ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, duk sun tattara a bayan Manaja. A allon dama Uwa ta gama tallanta, tambarinta ya fito yana juyawa a hankali, alamar labarai sun kusa. Ya ji Manaja yana cewa yanzu bari mu je mu gan shi. Hoton hagu ya fara rawa. Ga baranda, ga ƙofar ɗakin labarai ta wuce, Dogo yana tahowa jama'a suna biye. Baba yana kallon hanyar ɗakinsa a talabijin, yana kuma jin takunsu a waje.

Zuciyarsa ta rabu biyu. Ga Inna a 'yar kujerarta, hanci a jikin allo, matan layi a bayanta, gobe kuma asibiti. Ga allon dama da ya taɓa gani shuɗi, ga mutanen da suka fita da kwali. Waɗannan da ke tahowa suna murmushi yawancinsu ba su san waccan shekarar ba, kuma kowanne da iyali a wuyansa. Ya ce a ransa ai Manaja ba zai shirya wannan bai yi tanadi ba. Ya sake cewa, to ai Manajan ne da bakinsa ya ce ko shi ne. Gwaji ne? Mantuwa ce? Ya za a ce mutum ya tsare aiki tsawon rayuwarsa, ya zubar a ranar ƙarshe don kawai a ga fuskarsa? Ya kuma za a ce matarka ta roƙe ka abu ɗaya tak ka hana ta?

Kiɗan labaran Uwa ya tashi. A allon hagu Manaja ya kama mariƙin ƙofa, a bayan Baba mariƙin ya motsa. Ya danna.

Na tambaye shi daga baya ko da niyya ya yi. Ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan. Ya ce bai san ko shi ya danna ba, ko kuwa yatsan ne ya yi abin da ya saba.

Ƙofa ta buɗe, fitilar kyamara ta haske ɗaki, aka shigo ana tafi. Manaja ya rungume shi, ya juya wajen kyamara yana gabatar da shi ga mutanen gari, alhali mutanen gari suna can suna kallon mai karanta labaran Uwa. Baba ya bari ya kai aya, sannan ya ce a hankali, "Yallaɓai, mun haɗa."

Tafi ya mutu. Kowa ya juya ya dubi allo biyu, hoto iri ɗaya. Manaja ya ce ai Uwa ta ba da izinin makara. Baba ya ce wa aka gaya wa? Manaja ya ce kowa ya sani, sai kuma ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya nemi kujera ya zauna. Wani ya ce a koma mana, injiniya ya ce izinin makara aka bayar, ba na fita daga labarai bayan an shiga ba. Wata ta ce to a kai wa Inna abin da aka naɗa, sai aka tuna abin da ya fita kawai ake naɗewa, abin da ya fita kuwa a mariƙin ƙofa ya tsaya. Aka shiga ɗora wa juna laifi, kowa yana cewa shi ya ɗauka wane ya faɗa masa. Dogo, da ya ma manta bai kashe fitila ba, ya ce zai ɗauke shi a waya yanzu a kai mata. Baba ya ce ba hotonsa take nema ba, tana da shi a bango. Aka ce to a nuna gobe, ya ce gobe tana asibiti. Ya cire hularsa daga ƙusa, ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, har da ba su haƙuri, ya fita.

Ya iso gida rana tana faɗuwa. A tsakar gida bencinan aro suna nan a jere babu kowa, kofuna a ƙasa. Auta tana tattarawa, ta yi masa sannu da zuwa ba ta ɗago ba, idonta ja. Ita ta gaya mini yadda aka yi. Da hoto ya sauya wuri ya kaure da surutu, wasu suka ce na'ura ce ta lalace, wasu suka ce an fasa, wata ta ce dama ita ta faɗa, aka watse ana ƙunshe dariya.

Inna tana falo a 'yar kujerarta, gaban talabijin da aka kashe, sabon mayafinta ba ta cire ba. Ya tsaya a gefenta. Ya shirya bayani a hanya, na Uwa, na izini, na Manaja, duk ya tsere masa.

"Malam, kai ka yanke?"

"Ni ne."

"Tilasta ka aka yi?"

"A'a. Ban sani ba, Innar Auta. Wallahi ban sani ba."

Ta ce ai ta gaya wa matan layi. Da suka fara surutu ta juya ta ce musu, wannan da kuka gani yanzu shi ne aikinsa, shi ne ya yi, amma babu wadda ta yarda. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ta ji haushinsa ƙwarai, har yanzu ma tana ji, kada ya ɗauka ta huce.

"Kawo hannun."

Ya miƙa mata. Ta jawo shi kusa da fuskarta, kusa ƙwarai, ta juya shi wajen hasken fitila tana bin yatsun ɗaya-ɗaya.

"Wanne ne?"

Ya ɗaga manuniya. Bakin yatsan ya yi kanta, farcen ya ɗan karkace. Ta ƙura masa ido har hawaye ya sauko mata, ba ta ƙifta ba.

"To," ta ce. "Wannan dai na gani."

An yi aikin. Yanzu da nake rubutun nan idanun Inna suna ɗaure da bandeji, likita ya ce sai an kwance za a sani. Tasha ta zo har gida ta ɗauki Baba a kyamara da farar rigarsa, ya zauna ƙiƙam ya rasa inda zai sa hannunsa. Manaja ya rantse ba za a nuna ba sai ranar da aka kwance bandejin, kuma ya je da ƙafarsa ya sanar da wadda ta gaji kujerar, ya maimaita mata har ta ce Yallaɓai na ji. Baba kuwa yana zaune a gefen gadon Inna, yana ba ta ruwa, yana gaya mata wanda ya shigo da irin kayan da ya sa. Ba su ƙara tayar da maganar ba.

Ni dai ba zan iya ce muku daidai ya yi ba, ba zan kuma iya cewa kuskure ne ba. Na juya maganar ta kowace fuska, in na kwana da wannan ra'ayi sai in tashi da wancan. Abin da na tabbatar shi ne, Baba Haɗi, muna godiya. Kai ne ka tsare wa garin nan tasharsa, ka tsare wa ma'aikatanta abincinsu, da aka zo kanka ma ba ka yi wa kanka alfarma ba. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai albarka, ya buɗe idon Inna tar. Masu tasowa, in an ba ku amana ku riƙe ta kamar yadda ya riƙe, ko da babu mai kallonku. Ku kuma da kuke da irinsa a wurin aikinku, yana can wani lungu ba a jin motsinsa, kada ku jira ranarsa ta ƙarshe, kada kuma ku tsaya dogon jawabi. Ku fito da shi yau a gan shi, tun masu son ganinsa suna gani.